Kalla da Lemunsa Bakwai

Kalla ɗan Takawa bai taɓa dasa itace ba sai da ya wuce shekara arba'in. A gidansu, can wajen Garhanga, abin da ake gada shi ne akala da igiya da sanin ciwon dabba. Kakanninsa sun yi zamansu ƙarƙashin Abzinawa, suna kiwon raƙuman da ba nasu ba. Ubansa ne ya fara noman hatsi, amma har ya koma ga Allah in aka ambaci dukiya wajen garke yake waiwaya. Haka Kalla ya tashi. Yakan gane taguwa mai ciki daga tafiyarta, yakan gane akuyar da za ta kwanta ciwo tun tana tsaye tana kiwo.

Farin 1973 ya share masa garke tas, taguwa biyu da awaki sha tara. Shekara na zagayowa matarsa Lalla ta bi su, bayan zazzaɓin kwana biyar. Ɗiyarsu guda, Jima, ta riga ta yi aure a Keita. Ta aiko ya zo ya zauna wurinsu, ya ce a gaida ta. Namiji ba ya cin tuwon gidan suruki yana da ƙafa biyu, kuma ko ba shi da su kunya ba za ta bar shi ba.

Da ya tashi barin garinsu bargo ya ɗauka, da buta, da fallen kwano guda. Wannan kwanon a shekarar wadata ya saye shi. Ya yi wa Lalla alkawarin duk kaka zai ƙara falle ɗaya, har ɗakinta ya daina yoyo. A falle ɗayan aka tsaya. Ya ɗora shi a ka, ya ratsa duwatsun Adar kwana uku yana yin kudu, iska na fizgarsa, mutane na fitowa bakin hanya kallon mutumin da ke tafe da rufin ɗakinsa ba ɗakin.

A wani ƙauye na kwarin Maggiya, tsakanin Buza da Madawa, ya sauke. Nan ya sami aikin jan ruwa a garkar albasa ta wani dattijo mai suna Ɗangana. Rani guda ya yi yana jan guga daga fitowar rana zuwa azahar, ba a taɓa jin ya ce wash ba. Da aka cire albasa sai ya durƙusa gaban dattijon, ya ce yana roƙon wurin da zai dasa itace.

Ba ƙaramin roƙo ba ne. A ƙasar nan ana ba baƙo aron gona ya shuka hatsi ko wake, abin da za a girbe a tashi. Itace kuwa ba a bari, don wanda ya dasa itace ya zauna ke nan. Ɗangana ya daɗe yana kallonsa, sannan ya kira liman da mai gari, ya kai su gindin tudu, inda kwari ya ƙare, inda ƙasa ta yi fari fat da tsakuwar farar ƙasa. Ba wanda ya taɓa marmarin wurin.

"Ku shaida," in ji shi. "Muddin akwai icce mai rai na hannun Kalla cikin wuringa, wuri nashi na. Ran da na ƙarshe yam mutu, ƙasa ta komo gida."

Liman ya shafa fatiha. Mai gari ya yi dariya ya ce, "Buzu da icce! Kak ka manta ka sa musu dabaibayi, kar su tsere."

Kalla ya gina rijiya da hannunsa, gaba huɗu, ya tarar da ruwa mai daɗi. Ya kafa sanduna huɗu ya ɗora kwanon Lalla, ya zagaye da zana, ya zama ɗaki. Ran kasuwar Madawa ya sayo lemun tsami, ya matse ya sha, ya shuka ƙwayoyin a fasassun tukwane. Bakwai suka tsira. Da suka kai kamu guda ya dasa shida a jere, ta bakwai kuma, da yake ita ce mafi ƙanƙanta, ya sa ta jikin ɗakinsa, daidai inda ruwan kwano ke zuba.

Shidan nan ya raɗa musu sunayen dabbobinsa da suka mutu: Goshi, Kyalla, Gajera, da sauransu. Ta bakwai bai ba ta suna ba. "Ke" kawai yake ce mata. A gindinta yake alwala, nan yake ɗauraye ƙwaryar furarsa, ita yake ba labarin abin da ya gani a kasuwa. Mutanen gari ba su ƙi shi ba. Ana gaisawa a masallaci, ana aiko masa da tuwon suna. Sai dai in an zauna hira ana zancen wane jikan wane ne, gonar wa ta yi iyaka da ta wa tun zamanin kakanni, shi ba shi da abin sakawa. Yakan ɗan zauna, ya ce bari ya je ya duba garke.

A shekara ta biyar suka fara 'ya'ya. A ta shida ciwo ya fito fili.

Ganyen ƙasa, tsofaffin, suna nan kore shar. Amma duk sabon tohon da ya fito a kan reshe sai ya fito ƙanana, sirara kamar ganyen barkono, a cunkushe, suna tsaye cirko-cirko. Jijiyar ganyen kore, tsakaninta rawaya. 'Ya'yan suka koma kamar ƙwan kurciya, ba ruwa. Can sai kan reshen ya fara bushewa yana gangarowa. Shidan duk sun kamu. Ta jikin ɗaki kaɗai ba abin da ya same ta.

Kalla ya zagaya su da idon makiyayi. Ba ƙishirwa ba ce, shi ke ba su ruwa. Ya tona, ba gara. Ya duba bayan ganye, ba tsutsa. To dabbar da ta ci ta sha, amma gashinta ya koɗe, 'ya'yanta suka fito tsamurarru, kowa a gidansu ya san abin da take nema. Don shi ake kora raƙuma arewa duk damina su lashi ƙasa mai gishiri. Wanda bai samu zuwa ba kuwa kanwa yake jiƙa musu.

Ya taka har Madawa, ya zaga layin masu kanwa yana ɗanɗanawa a harshe, ya zaɓi ja mai kyau, irin wadda ubansa ke ba taguwar da ta haihu. Ya dake ta, ya jiƙa a bokiti, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a gindi, yana shafa jikinsu.

"Sha, Goshi. Ɗaci na, na sani. Sha."

Ya ƙara da tokar murhunsa. Bayan sati biyu bakin ganyen ya ƙone. Bai tsorata ba. Raƙumi ma in ya sha kanwa sai ya yi zawo kafin ya murmure. Ciwo ne ke fita. Da wata ya kama ya sake ba su. Wadda ta fi jin jiki ita ya fi ba da yawa. Shekara huɗu yana haka, yana rage cin goro don kanwa ta samu. Ta jikin ɗaki ko sau ɗaya bai ba ta ba, don ba a ba mai lafiya magani.

Goshi ta mutu a 1983, wata guda bayan rasuwar Ɗangana. Da farin 1984 ya zo, rijiya ta ja baya, ruwan da yake ba su ya ragu, biyu suka bi ta. Kalla bai sare su ba. Ya bar su tsaye a bushe, yana ratsa su in zai je wurin masu rai.

Ƙasar Ɗangana ta koma hannun babban ɗansa, Mutari. Ba mugun mutum ba ne. Amma ƙannensa uku sun dawo daga Najeriya a shekarar da aka kori baƙi, kowa da mata da 'ya'ya, ga kamiyo, manyan motocin kaya, na zuwa har bakin kwari ɗaukar albasa, ga rijiyar Kalla ba ta ƙafe ba a shekarar da wasu suka ƙafe. Mutari bai taɓa ce masa tashi ba. Duk Juma'a dai, in an sauko, sai ya biyo ta gindin tudu.

"Baba Kalla, ina wuni? Ya garke?"

"Garke shina godiya."

"Na ga Kyalla ta rame."

"Tana shan magani."

"Allah shi ƙara sauƙi. Huɗu na, ko idona na?"

"Huɗu na. Idonka lahiya lau."

In ya tafi, Kalla yakan tsaya yana bin sawunsa da kallo har ya shige cikin garkunan albasa. Jima ta zo sau ɗaya a wannan shekarar, da goyo. Ta dubi busassun itatuwa, ta dubi haƙarƙarin ubanta, ta ce, "Baba, in sun ƙare hwa?" Ya ce mata ta sha ruwa, rana ta yi. Da ta matsa sai ya ce, "Garinmu iska ta cinye gona. Gidanki gidan wani na. In sun ƙare ban san ba, Jima." Ta koma Keita washegari, ya cika mata gefen zane da lemun ta jikin ɗaki.

Bayan farin nan gwamnati ta matsa a yi noman rani, aka riƙa turo malaman gona ƙauyuka. Wanda aka turo kwarin wani saurayi ne siriri, ana ce masa Mushe Mahaman, wato Malam Mahaman, mai tsohon babur. Irin albasar Mutari ya zo dubawa. Da suka gama, Mutari ya ce masa cikin raha, "Mushe, taho in gwada maka abin da ba a koya muku makarantar lakkwal ba. Muna da Buzun da ka ba icce kanwa."

Suka tarar da Kalla yana motsa bokiti da kara. Mushe Mahaman bai yi dariya ba. Ya gaida shi, ya nemi izini, ya tsinki ganye daga ƙasan Gajera da wani daga kan reshe, ya jera su a tafin hannu. Ya duƙa ya ɗebi ƙasa ya murza. Sannan ya dangwala yatsa a bokitin ya lasa, ya tofar.

"Baba, tun yaushe kaka ba su wagga?"

"Shekara huɗu. Ja ta, mai kyau. Ni ka zaɓenta da kaina."

"Wancan na jikin ɗaki hwa?"

"Ita lahiyarta lau. Mi za ni ba ta?"

Saurayin ya je ya tsaya ƙarƙashin kwanon. Ya shafa bakin kwanon inda ruwa ke zuba, inda farin jikinsa ya cinye har tsatsa ta fara leƙowa. Ya dubi damshin gindin bishiyar. Ya dawo ya tsuguna gaban Kalla, ya cire hula.

"Ka yi gaskiya, Baba, yunwa su kai. Amma yunwar abu guda ta. Sunanshi zink. Shi na farin ƙarhen da aka shahe kwano da bokiti da shi don kar su yi tsatsa."

Mutari ya ce, "Icce na cin ƙarhe? To gobe sai mu ba shi gatari."

"Ɗan kaɗan ƙwarai. Abin da icce guda ka so a shekara ba shi cika cokali. Saiwa ka tsotso shi cikin ruwa, shi hau tare da ruwan har ganye. In ya shiga ganye ya zamna ke nan. Dubi wanga tsohon, ya samu nashi tun da, ya riƙe, ba shi ba sabo sai abin da bai taka kara ya karya ba. Kowane toho sai saiwa ta aiko mai da rabonshi. Shi ya sa ciwon daga bisa yaka hwarawa." Ya buɗe hannunsa mai ƙasa. "To ƙasagga, farar ƙasa ta. Zink na cikinta, amma ta damƙe shi, da ƙyar saiwa ka ƙwato kaɗan. Toka da kanwa kuwa ƙara damƙe shi su kai. Bayan haka kanwar na ƙona saiwar kanta."

Kalla ya ce a hankali, "Raƙumi na sha shi tashi."

"Raƙumi na sha shi hitar, Baba. Icce bakinshi cikin ƙasa yake. Abin da ka zuba mai, ciki zai kwana, ciki zai shekara."

Kalla ya nuna ta jikin ɗaki. "Ita wagga hwa?"

"Ba ni rantsuwa. Amma shekara goma ruwan kwanonga na zuba gindinta, ga tsamin hurarka, kuma ba ta taɓa ganin kanwa ba."

Kalla ya juya yana kallon Goshi, wadda ya fi ba da yawa saboda ita ya fi tausayi. Mutari ya buɗe baki zai yi wata rahar, ya dubi fuskar dattijon, ya fasa. Ya ce wa Mushe su tafi, rana na yi.

Washegari da hantsi Kalla ya ɗauki ragowar kanwar, dunƙule kamar kan jariri, ya kai ta mashayar da Fulani ke shayarwa. Ya aje ta kan dutse, ya koma gefe ya zauna. Awaki suka taru suna lasa suna ture juna. Bai tashi ba sai da suka cinye.

Bayan sati biyu Mushe Mahaman ya dawo da farin garin zink a ƙullin takarda. Ya ce a yi ta kwarara ruwa a gindi don ya wanke kanwar ya yi ƙasa da ita, a zuba kashin awaki ruɓaɓɓe, toka kuwa ko ta kusa. Garin kuma ba a gindi za a sa ba, ƙasa za ta sake damƙe shi. A jira sabon toho ya buɗe, a jiƙa rabin kwalin ashana a bokiti, a yayyafa kan ganyen da sassafe. Kuma duk tohon da ya fito sai an sake, don wanda ya sha ba zai ajiye wa na bayansa ba.

Kalla ba shi da famfon feshi. Da sabuwar tsintsiya ya yi, yana tsomawa yana yarfawa, reshe reshe. Wata guda yana jan ruwa har tafin hannunsa ya tsage. Kyalla da 'yar'uwarta sun riga sun yi nisa, ba su ga damina ba. Amma da ruwan farko ya sauka, Gajera ta yi toho. Kalla ya yayyafa mata, ya riƙa zuwa kowace safiya yana gwada ganyen da yatsansa. A kwana na ashirin ganye ya kai tsawon yatsa, ya buɗe, rawayar ta cike da kore. Ya je ya faɗa wa ta jikin ɗaki, don ba wani a kusa.

Garin maganin bai wuce toho uku ba ya ƙare, kuma aka ɗauke Mushe Mahaman zuwa wani gari mai nisa. Ran da zai tafi ya biyo a babur, bai ko kashe shi ba. Ya ce garin ba ya samuwa ko a Tawa sai an dace. In an rasa, a sami guntun kwano mai sauran fari, a jiƙa shi kwanaki a ruwan da aka matse lemu, a sirka da ruwa mai yawa, a gwada a reshe guda tukuna. "Ba a littahi nig gani ba, Baba. Dabara ta kawai." Kalla bai sake ganinsa ba.

Ƙauyen duk rufin ƙasa ne da ciyawa. Bokitinsa ya riga ya yi tsatsa. Kwano mai fari guda ne a gindin tudun nan. Da toho ya matso, Kalla ya sauke shi, ya ɗora a ka kamar ranar da ya zo da shi, ya kai wa maƙeri ya yanke masa taƙi guda daga gefen da bai ci ba. Ya mayar da sauran, ya toshe giɓin da kara. Ya matse lemun ta jikin ɗaki a tukunya, ya jefa guntun ciki. Reshen gwaji bai ƙone ba. Taƙi guda ya kai shi shekara.

Cikin azumin 1988 Mutari ya biyo ran Juma'a. Ya tarar da Gajera ta yi nauyi da 'ya'ya har an tokare mata reshe. Ya dubi rufin ɗakin, rabi kwano rabi kara.

"Biyu na, Baba Kalla."

"Biyu na."

"Ƙannena sun ce biyu ba garka ba ta. Nac ce musu tsoho icce mai rai yac ce, bai ce nawa ba. Liman na nan da ranshi, in suna son ji."

Kalla ya cika ƙwarya da lemu ya miƙa masa, na shan ruwa. Ya ce, "Ka ce su taho su sa albasa inda biyar ɗin sunka tsaya. Su ja ruwa ga rijiya. Kututtura dai a bar mani su."

Mutari ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya tafi yana sansana lemun.

Da ya rage shi kaɗai, Kalla ya miƙe, ya ɗaga hannu ya auna abin da ya saura na kwanon, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, yana motsa leɓe. Taƙi shida. Ya tsaya ya dubi bayan hannunsa, jijiyoyi duk sun fito, fata ta saki. Ya gyaɗa kai.

"Ya ishe mu," ya ce wa ta jikin ɗaki.

Ya ishe su kuwa. Ran da aka ɗauke shi daga gindin tudu zuwa maƙabartar garin, inda aka sa shi sahu ɗaya da Ɗangana, bishiyoyin biyu suna cikin toho. Taƙi biyu na kwanon suka rage. Jima ta naɗe su a zane ta tafi da su Keita, suna ƙarƙashin gadonta har yau.